Kurakuran da muke yi idan ana hirar wuraren bautar Hindu na ƙasar Tulu

Tun da fim ɗin Kantara, mai nuna bautar gargajiya ta mutanen Tulu, ya fito a 2022 kowa ya zama masanin Indiya, amma wallahi yawancin abin da nake ji ana faɗa kwamacala ne. Bari mu ɗan gyara.

Na farko dai, mutanen Tulu ba Hindi suke ji ba. Suna can kudu maso yamma a bakin teku, gundumomin Dakshina Kannada da Udupi a jihar Karnataka, sai wani ɓangare na Kasaragod a Kerala, kuma ƙidayar 2011 ta nuna masu yaren sun kai kusan miliyan 1.8. Babban birninsu Mangaluru, su kuma Kudla suke kiransa. Shi ma fim ɗin da yaren Kannada na jihar Karnataka aka yi shi.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne haɗa deva da daiva. Deva su ne manyan allolin Hindu irin su Shiva da Krishna da Durga, masu manyan haikali da limamai 'yan Brahmin. Daiva kuma, ko bhuta, na gari ne ko na gida, wasu siffar dabba kamar Panjurli mai kan aladen daji da Pilichamundi mai kama da damisa, wasu kuma mutane ne da ake cewa sun rayu aka zalunce su, irin Koragajja da tagwayen nan Koti da Chennaya. Ɗakinsu daban, hidimarsu daban, Koragajja ma har giya da ganyen taunawa ake kai masa, abin da ba za ka taɓa gani a haikalin Krishna ba. Turawan mulkin mallaka ne suka fassara bhuta da shaiɗan sunan ya bi su. Mu kuma da mun ga mutum ya sha kwalliya da ganyen kwakwa yana ihu yana karkarwa sai mu ce ai bori ne kawai. To, akwai kama, ban musa ba, amma a kola, wato bikin da daiva ke hawa kan mai rawar, aikin gado ne na wasu zuri'o'i kamar Nalike da Pambada da Parava, ana rera tarihin daivan a waƙoƙin paddana, sannan a gaban jama'a mai gonaki da talaka su kawo rikicin fili ko na gado daivan ya yanke hukunci ta bakin mai rawar, kowa ya bi. Rabinsa ibada rabinsa kotun ƙauye.

Sai haikalin Dharmasthala, wanda shi ne yake rikita mai son kowa ya zauna a layinsa. Abin bautar wajen Manjunatha ne wato Shiva, limaman mabiya Vishnu ne, masu riƙe da wajen kuma iyalin Heggade mabiya addinin Jain ne, Veerendra Heggade yana kai tun 1968. Kada ka ce Jain da Hindu ɗaya ne. Kuma ƙaton gunkin dutsen nan na Karkala mai ƙafa 42 da aka kafa a 1432, Bahubali ne na Jain, haka ma haikali mai ginshiƙai dubu na Moodabidri, mutane suna ta yaɗa hotunansu da sunan Hindu ko Buddha.

A Udupi, haikalin Krishna da malamin Hindu Madhvacharya ya kafa a ƙarni na 13, ba a tsayawa gaban gunkin kai tsaye, ta wata taga mai huda tara ake leƙawa, Navagraha Kindi. Mutane da yawa suna kiranta Kanakana Kindi alhali ita waccan tana bangon waje, ita ce ake danganta ta da labarin mawaƙi Kanakadasa da aka ce an hana shi shiga. Kuma ba limami ɗaya ke riƙe da wajen ba, gidaje takwas ne suke karɓa-karɓa duk shekara biyu, bikin Paryaya, cikin Janairu.

Kukke Subrahmanya ba haikalin Shiva ba ne, na ɗansa ne, kuma maganar macizai ce ke kai mutane can. Kateel na Durga ne, yana tsakiyar kogin Nandini.

Wani abin kuma, ɗauka cewa babu Musulmi a labarin. Akwai Beary, Musulmin yankin masu yarensu, kuma haikalin Bappanadu da ke Mulki, a labarin da mutanen wajen ke bayarwa, sunansa daga wani ɗan kasuwa Musulmi ne Bappa Beary.

In kuma ziyara ce ta kai ka, takalmi a waje yake zama, a wurare irin Dharmasthala da Kukke maza har riga da singileti suke cirewa kafin shiga ciki, kuma kar ka ɗaga waya ka hau hoto sai ka tambaya.