Yadda ake gane sarin Baluchari na asali kafin a biya kuɗi

Baluchari wani nau'in sari ne, wato dogon zanen da matan Indiya ke ɗaurawa, na alharini, daga yankin Bengal. Kuskuren da na fi gani wurin sababbin masu saye shi ne su kalli ƙyallin zane su ce alharini ne. Nailan ma yana ƙyalli. Ni ma an taɓa sayar mini da na roba a wani shago a birnin Kolkata na Indiya, sai da na dawo gida na gane.

Fara da jelar sarin, wadda matan Bengal ke yafawa a kafaɗa, suna kiranta anchal. A nan labarin yake. Tsofaffin saƙar ƙauyen Baluchar da ke Murshidabad a Bengal, tun zamanin mai mulkin yankin, Nawab Murshid Quli Khan, a ƙarni na 18, suna ɗauke da hotunan sarakuna suna zuƙar shisha, da Turawan kamfanin Ingila a kan doki ko cikin jirgin ruwa. Na yanzu, waɗanda ake saƙawa a garin Bishnupur na Bengal bayan da aka farfaɗo da sana'ar a shekarun 1950, galibi labaran Ramayana da Mahabharata ne, wato tsofaffin labaran jarumai na mabiya addinin Hindu, kowane hoto cikin ɗan akwatinsa. In mai shago ya kasa gaya maka labarin da ke jiki, ni dai ba na saye a wurinsa.

Sai ka juya bayan zanen. Nan aka cuce ni. Hoton Baluchari saƙa shi ake yi, ba bugawa ba, don haka a baya za ka ga zaren hoton a fili, launinsa bai dusashe ba. Na bugawa bayansa fari-fari yake, sumul. Duba gefe kuma: aikin hannu ba ya rasa ɗan karkata ko ƙulli, na inji kuwa daidai wa daida. Kada ka yi sauri, ka fita da shi haske.

In an yarda, zare ɗaya daga geza ya isa. Ƙona shi: alharini ƙaurin gashi yake yi, tokarsa ta murmushe a yatsa, roba narkewa take ta dunƙule. Nemi tambarin Silk Mark, wato shaidar da ake bayarwa a Indiya cewa alharini ne zalla. In an yi maka araha da yawa, ajiye, saƙar tana cin mako guda ko fiye. Mai zaren zinariya Swarnachari ake ce masa, kuɗinsa daban.

Ajiya kuwa, naɗe shi cikin farin ƙyallen auduga, kada ka rataye, kada ka fesa turare, ka riƙa sauya ninkin bayan 'yan watanni.