Kafin ku ajiye motar RV a ƙofar gidan ɗan'uwa a Amurka

Jama'a, duk mai niyyar zaga dangi da tsofaffin abokai a Amurka da RV, wato motar nan mai ɗakin kwana da kicin, ya kira mai masaukinsa tun kafin ya kama hanya, ya tambaya ko an yarda babbar mota ta kwana a bakin titinsu, domin garuruwa da ƙungiyoyin masu gidaje da yawa sun hana, kuma tarar tana iya faɗawa kan mai gida.

Batun wuta ya fi wannan muhimmanci. Soket ɗin gida yawanci amfiya (ma'aunin yawan wutar lantarki) 15 ko 20 yake ɗauka, alhali motar an ƙera ta ne don 30 ko 50. Idan kun jona, ku tsaya ga fitilu, firiji da cajin batir, saboda na'urar sanyaya ɗaki tana iya katse wutar ɓangaren gidan. Ruwan bayi kuwa, ku juye shi a wurin da aka tanada kafin ku iso.

Dattawanmu ba sa jin daɗin baƙo ya kwana a waje, don haka ku yi musu bayani cikin ladabi, ku ci abinci tare da su a cikin gida.