Yadda za ka tafiyar da kwanakin farko na baƙin bishara a Zangon Kumasi

Daga Yuni zuwa Agusta, lokacin dogon hutun makarantun Amurka da Turai, ayarin matasa masu aikin sa kai sukan sauko mana Kumasi. Wasu fentin makaranta ya kawo su, wasu koyar da yara, wasu kuma suna tafe da ma'aikatan jinya. Ɗan'uwa, in kai ikkilisiya ta ɗora wa nauyin karɓarsu, ka ware kwana ukun farko don hutu da gaisuwa. Shugaban ayari zai nuna maka takarda cike da ayyuka tun daga washegarin isowa. Ka karɓa da ladabi, ka roƙe shi a jinkirta.

Tun suna gida ka tabbatar kowa yana da katin rigakafin shawara, domin ana nemansa a filin jirgin Ankara (Accra), babban birnin Ghana, kuma sun fara shan maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro yadda likitansu ya faɗa. Daga Ankara zuwa nan kusan kilomita 250 ne, amma bas ɗin kamfanin VIP daga tashar Circle takan ci awa biyar ko shida. In sun sauka da yamma, su kwana can, a kama hanya da safe. Ba na ɗora baƙi a wannan titi da dare. A masauki ka rataya gidan sauro a kowane gado, ka jibge ruwan leda da na kwalba, ka kuma gaya musu ƙarfin wutar lantarkinmu volt 230 ne, kada abin busar gashin da aka saya a Amurka ya ƙone a daren farko.

Karin kumallo, koko da ƙosai masu zafi. Da rana shinkafa da wake, amma shito, wato miyar yajin nan tamu, a gefe, kowa ya ɗanɗana gwargwadon ƙarfinsa. Ɗanyen ganye da ƙanƙara a dakata da su tukuna. A wajen cin nan nake koya musu hannun dama: da shi ake ci, da shi ake miƙa kuɗi, da shi ake karɓar canji. Nakan buɗe musu Luka sura 10, inda Yesu ya aiki almajirai bibbiyu, ya ce su fara da yi wa gida sallama, su ci abin da aka sa a gabansu.

Da yawansu sukan zo da tsoron Zango a zuci, saboda abin da suka ji a labarai. Kiran sallar asuba ma yakan firgita wasu. Shi ya sa a daren farko nake ba su labarin Babban Limamin Ghana, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, wanda a 2019, yana bikin cika shekara 100, ya je majami'ar Christ the King a Ankara ranar Ista, ya zauna cikin masu sujada. Irin ƙasar da suka zo ke nan, kuma wannan zumunci amana ce a hannunmu.

Rana ta biyu ita ce ta gaisuwa, kuma nan aikin yake. Ka aika tun jiya a nemi izinin zuwa. A unguwannin Zango irin su Aboabo ko Asawase ba sarki ɗaya ba ne: Hausawa na da nasu, Mosi da Dagomba da Wangara da Frafra kowa da nasa, don haka ka tambayi dattawa wanda unguwar ke hannunsa. Daga wurinsa sai Liman, sai Magajiya shugabar mata, sai asembuliman, wato kansilan unguwa. Kada ka tsallake Magajiya. In ba ta sa baki ba, uwaye ba za su sako yara ba. A riƙe goro. Mata su sa doguwar riga ko zane, su yafa mayafi. A tuɓe takalma a bakin zaure, a zauna inda aka nuna, kuma saurayi kada ya miƙa wa matar mutane hannu. Mutum biyar sun isa shiga, sauran su jira a masauki.

Kai za ka yi magana, ka kuma faɗi gaskiya dalla-dalla: “Ranka ya daɗe, waɗannan baƙina ne, Kiristoci ne, daga ikkilisiya kaza. Za su yi mako biyu, za su gyara azuzuwa, da yamma kuma akwai waƙoƙi da labaran Littafi Mai Tsarki a harabar majami'a ga wanda iyayensa suka yarda.” Kada ka ɓoye sashen ƙarshen nan don a yi saurin amincewa. Abin da aka ɓoye a zaure, a bakin famfo za a ji shi, kuma daga ranar ba mai sake yarda da maganarka. Na ga wani Liman ya saurara har ƙarshe, ya gyara zaman hularsa, ya ce, “Malam, baƙonka namu ne. Sai dai in an kira salla a rage lasifika.” Aka rage, har ayarin ya tafi ba a sami saɓani ba.

In mai gidan da kuka sauka Ba'asante ne, shi ma yana da tasa ƙa'idar: zai ba da ruwa, sannan ya tambayi abin da ke tafe da ku, ko da ya sani. Musafaha kuwa daga na hannun dama ake farawa, a bi zuwa hagu.

Rana ta uku a zaga unguwa a ƙasa, kowane baƙo da matashinmu ɗaya a gefensa. Su koyi “sannu da aiki” da “ina gajiya”, su leƙa kasuwar Kejetia, su ga inda asibitin Komfo Anokye yake don ko ta-kwana. Waya ta zauna a aljihu. Ba a ɗaukar hoton yaro ko mai talla sai an tambaya, in an ce a'a shi ke nan. Alewa da biro da ƙwallo kuwa a damƙa wa hedimasta ya raba, domin rabo a titi kan jawo turereniya, ƙananan su sha taka. In ranar ta faɗo Juma'a, a koma masauki kafin azahar, hanya ta masallata ce.

Da dare ku zauna tare, ku yi addu'a, ka tambayi kowa yadda cikinsa yake da yadda ya yi barci. Wanda jikinsa ya yi zafi a kai shi gwajin jini da safe, kada a tsaya canki-canki. Sauran su ɗauki buroshi da bokitin fenti, a fara da ajin da hedimasta ya nuna.