Darasi: Ban Ruwan Shinkafa da Bututun Awo

Duk wanda ya taɓa shiga fangalin shinkafa ya san ƙananan kumfa da ke tasowa daga taɓo idan ƙafa ta nutse. A cikin kumfan nan akwai wata iska da ake kira metan. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana samuwa ne idan ciyawa, saiwa da karan shinkafa suka ruɓe a ƙarƙashin ruwa, inda iska ba ta kaiwa. Shanu ma suna fitar da ita ta gyatsa, juji yana fitar da ita, haka rijiyoyin mai da gas.

Me ya sa ake damuwa da ita? Tana riƙe zafin rana a sama. A cikin shekara 20, zafin da take riƙewa ya ninka na iskar kabon da ke fita daga hayaƙin mota kusan sau 80, idan nauyinsu ɗaya ne. Amma ba ta daɗewa: kimanin shekara 12 take yi a sararin sama ta baje. Saboda haka idan aka rage ta yau, ba sai jikoki ne kawai za su ga amfanin ba. A 2021, a birnin Gilasgo na Birtaniya, ƙasashe fiye da 100, har da Najeriya, suka amince a rage ta da kashi 30 cikin 100 kafin 2030.

Manomin rani a Kadawa, Kura, Haɗeja ko Argungu yana da nasa rabo a wannan aiki, kuma aljihunsa ne zai fara shaidawa. Mun saba cewa shinkafa sai ta kwana ta wuni cikin ruwa. Gaskiyar magana, shinkafa tana jure ruwa ne, ba wai tana bukatarsa tsaye kullum ba. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin ta gwada barin gona ta sha iska tsakanin ban ruwa da ban ruwa. Ruwan da ake kashewa ya ragu har zuwa kashi 30 cikin 100, metan ta ragu sosai, amfanin gona kuwa bai ragu ba idan an bi ƙa'ida. Mai sayen fetur don injin ban ruwa ya san darajar wannan kashi 30.

Ga yadda ake yi. Nemi bututun roba mai faɗin da hannu zai shiga, ka yanke santimita 30. Huhhuda rabinsa na ƙasa da ƙusa mai zafi ta kowane gefe. Kafa shi a gona kusa da kunya, inda ƙasa ba tudu ba ce, ba kwari ba, rabin mai huji a cikin ƙasa, rabi a waje. Kwashe taɓon da ke ciki da hannu har ƙasa. Yanzu ruwan da ka gani a bututun shi ne ruwan da saiwa ke sha.

Bayan dashe, bar ruwa a gona mako ɗaya zuwa biyu har shuka ta kama. Idan ciyawa ta yi yawa, ƙara haƙuri sai ka shawo kanta, don busar da gona da wuri gayyato ciyawa ne. Daga nan daina ban ruwa, ka riƙa leƙa bututun kowace safiya. Saman ƙasa zai bushe, wataƙila har ya ɗan tsage, maƙwabta kuma za su fara tambaya ko injinka ya lalace. Kada ka razana. Muddin akwai ruwa a bututun, saiwa na sha. Sai ruwan ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, wato kusan tsawon biro, sannan ka sake ban ruwa ya hau santimita 5 a sama.

Akwai lokacin da ba a wasa: daga mako ɗaya kafin shinkafa ta fid da kai zuwa mako ɗaya bayan ta yi fure, ruwa ya zauna a gona. Ƙishirwa a wannan lokaci ita ke kawo zangarniya marar ƙwaya.

Dabarar ta fi dacewa da wanda ruwa ke hannunsa. Mai gonar fadama da damina ke cikawa ba shi da iko da ruwan. Wanda ke jiran layin ruwa daga magudanar gwamnati kuma, ya tabbatar da ranar da ruwa zai iso masa kafin ya bar gona ta bushe. Gona mai yashi tana saurin tsotsewa, sai an ƙara sa ido.

Karan shinkafa kuwa, kada a turmushe shi ɗanye a cika gona da ruwa nan take, don shi ne abincin metan. Kada kuma a cinna masa wuta. A ba dabbobi, ko a tara shi da kashin shanu ana juyawa har ya zama taki.

Aikin gida: Auna santimita 30 da santimita 15 a jikin kara, ka sa alama. Rubuta kuɗin man da ka kashe a ban ruwa makon jiya. Idan an rage kashi 30 cikin 100, nawa za ka adana?