Yadda Ake Haɗa Ruwan Sodiyom Kabonet Mai Ƙarfin Mola 0.1 a Ɗakin Gwaji

Duk wanda ya taɓa shirya ɗalibai don jarrabawar gwaji ta kimiyyar sinadarai a WAEC ko NECO ya san cewa yawancin lissafin da ke ƙin daidaituwa ranar auna asid tun wajen haɗa ruwan sinadari ya lalace. Misalin da zan yi amfani da shi a nan shi ne mililita 250 na ruwan sodiyom kabonet mai ƙarfin mola 0.1, wato mol 0.1 na sinadarin a kowace lita (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne), domin shi ne abin da na fi so a fara koyo da shi. Soda mai ƙuna, wato sodiyom haidiroksaid, tana tsotsar danshi da iskar kabon daga sarari tun tana kan ma'auni, saboda haka nauyin da aka karanta ba nata ba ne ita kaɗai, kuma ba na yarda mai koyo ya fara da ita.

Da farko a yi lissafi a takarda kafin a taɓa kwalba. Mol ɗaya na busasshen sodiyom kabonet giram 106 ne. Mililita 250 rubu'in lita ne, don haka ana bukatar mol 0.025, wanda idan aka ninka shi da 106 zai ba da giram 2.65. A duba rubutun jikin gwangwani da kyau, domin akwai nau'in da ke ɗauke da ruwa a cikin ƙwayoyinsa, wanda mol ɗinsa giram 286 ne, kuma wanda ya auna giram 2.65 na wannan nau'in ƙarfin ruwansa zai tsaya kusa da 0.037 kawai.

A auna garin a kan ma'auni, a juye shi cikin bika, wato kofin gilashi na ɗakin gwaji, mai ɗauke da ruwa kamar mililita 100, a dama da sandar gilashi har sai babu ƙwaya ko ɗaya da ta rage a ƙasa. Garin ne ake zubawa cikin ruwa, saboda idan aka kwara ruwa a kansa yakan dunƙule ya yi tauri. Batun narkewa ba matsala ba ne a nan, tunda mililita 100 na ruwa yana iya narkar da kusan giram 21 a zafin digiri 20. Ruwan kuwa sai wanda aka tace ta hanyar tururi. Ruwan rijiya ko na burtsatse sau da yawa yana ɗauke da kalsiyom, wanda zai haɗu da kabonet ya mai da ruwan fari-fari kamar an ɗiga masa madara, kuma ruwan leda ma bai tsira daga wannan ba. Inda kuɗi suka yi ƙaranci, tataccen ruwan da ake sayarwa don batirin mota yakan wadatar, muddin an tabbatar ba mai asid aka sayo ba.

Daga nan sai a juye ruwan ta mazurari zuwa kwalbar awo mai dogon wuya, wadda aka zana wa layi ɗaya a wuyanta. A ɗauraye bikar da sandar da mazurarin sau uku, kowane ɗauraye a zuba shi cikin kwalbar, domin abin da ya maƙale a jikin gilashi yana cikin giram 2.65 ɗin da aka auna.

Cika kwalbar zuwa layi shi ne matakin da ya fi kayar da mutane, ni ma kuma a nan na yi asarar rabin yini a shekarata ta farko ta koyarwa. Wuyan kwalbar siriri ne, ruwa yana hawa cikinsa da saurin da hannu ba ya zato. A riƙa zuba ruwa har ya kusa kai layin da kamar faɗin yatsa, sannan a ajiye kwalbar a kan tebur, a durƙusa ido ya yi daidai da layin, a ƙarasa da abin ɗiga ruwa, ɗigo bayan ɗigo, har ƙasan lanƙwasar da saman ruwan ya yi ya zauna a kan layin. Idan ruwa ya wuce layi, to babu gyara, a zubar a sake tun daga awo. Na sha ganin ɗalibi ya waiga ya ga ba a kallonsa, sai ya karkata kwalbar ya tsiyaye abin da ya haura, yana ganin ya rufa wa kansa asiri. Abin da ya tsiyaye ya tafi da sinadari a cikinsa, kuma yanzu babu wanda ya san mol nawa ya rage a kwalbar. Wanda ya wuce da mililita 5 ya bar shi haka, ƙarfin ruwansa ya sauka zuwa 0.098, kuma ko ba komai wannan ana iya lissafa shi. Haka nan kada a cika kwalba da ruwa mai ɗumi, domin an daidaita layin ne a kan digiri 20 kamar yadda aka rubuta a jikinta, ruwa kuma yana ƙara girma idan ya yi zafi.

Bayan an toshe bakin kwalbar, a danne murfin da babban yatsa a kifa ta a miƙe a ƙalla sau goma sha biyar. Girgizawa kawai ba ta isa ba, saboda ruwan da ke ƙasa ya fi nauyi, na wuya kuma kusan tsurar ruwa ne, wanda ya tsallake wannan zai ga sakamakon awonsa yana sauyawa kowane zagaye.

Idan ana son mai ƙarfin 0.01, a ɗebi mililita 25 da bututun awo a zuba a wata kwalbar ta 250 a cika zuwa layi. Sauran a juye shi cikin jarkar roba, domin ruwan alkali irin wannan yakan sa murfin gilashi ya manne, a rubuta sunan sinadarin da ƙarfinsa da ranar da aka haɗa shi a jiki.