Tsohuwar kwamfuta ta ƙi tashi bayan ƙara memori ko canja faifan ajiya (hard disk)

Jama'a, masu kwamfuta 486 da Pentium na farko, kada ku yanke wa madabod (babban allon cikin kwamfuta) hukunci da wuri. Ku cire sabon kayan, ku mayar da tsohon. In ta tashi, laifin na sabon ne.

Galibi memori ce. SIMM, wato sandar memori, mai fil 30 bit 8 kawai yake ɗauka, don haka 486 sai an cika ramuka huɗu iri ɗaya. Mai fil 72 guda ɗaya ya ishi 486, amma Pentium bibbiyu take so, girmansu ɗaya, saboda hanyar bayananta bit 64 ce. Sannan madabod ɗin 486 da yawa ba sa karɓar memori nau'in EDO, sai nau'in FPM, alhali a ido ba ka bambance su. A BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta) na kamfanin AMI, gajeriyar ƙara sau uku na nufin 64K na farko na memori ya gaza. Zare SIMM ɗin, goge fil ɗin da abin goge fensir, saka shi a karkace, ka miƙar har maƙallan biyu su kama.

In faifai aka canja, jan layin igiyar IDE, wato igiyar bayanan faifai, ya fuskanci fil na 1, jampa (ƙaramin marfin da ake sa wa fil a jikin faifai) kuma ta nuna wane ne babba in faifan biyu ne. BIOS na kafin 1994 yawanci ba ya ganin sama da 528MB. Don haka a cikin BIOS shigar da silinda 1024, kai 16, sekta 63 da hannu.

Wanda ya taɓa wayoyin wuta na AT, wato tsohon tsarin akwatin wutar kwamfuta, don Allah ya duba: baƙaƙen wayoyin filogi biyun da ake kira P8 da P9 su haɗu a tsakiya. Juya su na iya ƙona madabod.