Yadda ake karanta jarida don shirin jarrabawar aikin gwamnati

Kafin ka buɗe jarida, nemo manhajar jarrabawar da tambayoyin shekarun baya, ka zauna ka duba su a tsanake. Su ne za su nuna maka inda masu jarrabawa suke kai hannu: tsarin mulki, tattalin arziki, hulɗar ƙasa da ƙasa, muhalli, kimiyya da fasaha. Rubuta waɗannan fannoni a takarda guda, ka ajiye ta kusa da kai duk lokacin karatu. Labarin da bai shiga ko ɗaya daga cikinsu ba, wuce shi, komai daɗinsa. Cacar bakin 'yan siyasa, labarin sata da na taurari duk suna cikin wannan sahu.

Daga nan zaɓi jarida ɗaya mai nauyi, ta takarda ko ta intanet, ka riƙe ta. Masu tara jaridu uku ko huɗu kullum sukan wuni suna karanta labari ɗaya da kanu daban-daban. Awa guda ta wadatar.

'Yan jarida suna sa mafi muhimmancin bayani a sama. Sakin layin farko ne ke faɗin wane ne, me ya faru, a ina, yaushe. Karanta kanun labari da wannan sakin layi, sannan ka yanke shawarar ci gaba ko tsallakewa.

Babban aikin yana kan labarin da ka tsaya a kansa. A ce ka ga babban bankin ƙasa ya ƙara kuɗin ruwa. Haddace adadin kawai ba zai kai ka ko'ina ba, domin kafin ranar jarrabawa wataƙila an sake canza shi. Tambayi kanka dalili. Galibi ana yin haka ne don daƙile hauhawar farashi: rance ya yi tsada, mutane da kamfanoni su rage karɓar bashi da kashe kuɗi, sai farashin kaya ya ɗan lafa. Wa zai ji a jikinsa? Mai ƙaramar masana'anta da ke neman jari. Wace doka ce ta ba bankin wannan iko? Idan ka amsa waɗannan, ka mallaki batun, ko ta wace fuska aka juyo maka tambayar.

Haka ma labaran ƙetare. In an ce wata ƙasa ta hau kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ka tabbata ka san kwamitin yana da mambobi 15, kuma biyar ne kawai na dindindin masu wannan iko: Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin. In taron sauyin yanayi ne, koma ga Yarjejeniyar Paris ta 2015, wadda ta nemi a tsayar da ƙaruwar ɗumamar duniya ƙasa da digiri 2, tare da ƙoƙarin kada ta wuce 1.5. Jarida ba kasafai take maimaita irin wannan tushe ba, kai ne za ka nemo shi a littafin karatunka.

Shafin sharhi kuma a karanta shi da lura. Ra'ayi ne, kuma kowane marubuci yana da inda ya karkata. Amfaninsa shi ne ya koya maka jera hujja. Ɗauki hujjoji biyu na goyon baya da biyu na suka, ka bar wa marubucin zafin kansa, tunda a jarrabawa ana son ma'aikacin da ke iya auna ɓangarori biyu.

Wajen rubutu, raba littafinka bisa fanni, kada ka bi kwanan wata. Ware shafukan tattalin arziki daban, na muhalli daban, ta yadda duk sabon labari kan kasafin kuɗi zai sauka ƙarƙashin na baya, ka ga yadda maganar take tafiya. Layi uku ko huɗu da kalmominka sun isa. Yanke jarida a manna a littafi yana sa mutum ya ji kamar ya yi aiki, alhali bai riƙe komai ba.

A ƙarshen mako, rufe littafin, ka gwada faɗin abin da ke ƙarƙashin kowane fanni da ka, sannan ka buɗe ka ga abin da ya kuɓuce maka. Sai ka ɗauki tambaya ɗaya daga na shekarun baya, ka sa agogo, ka amsa ta da misalan da ka tara a makon.